Farfaɗiya a ƙananan karnuka: amsoshin tambayoyin manoma

Tambaya: Ina da ƙaramar karya mai kama min ɓeraye a rumbu. Sau uku ke nan cikin wata biyu tana faɗuwa, jikinta ya sandare, ta riƙa shure-shure, kumfa na fita a baki, har fitsari ya kubce mata. Bayan ɗan lokaci ta miƙe kamar ba ita ba. Me ke kawo wannan?

Amsa: Malam, abin da ka bayyana farfaɗiya ce, amma farfaɗiya alama ce kawai ta cewa wani abu ya dagula aikin ƙwaƙwalwa. Wannan abin shi za mu nema. Kuma tunda a gona take, kafin komai ka leƙa inda kake ajiye magunguna.

Maganin feshi na ƙwari, musamman dangin oganofosfet da kabamet, yana sa yawu ya yi ta zuba, ƙwayar ido ta tsuke, ga amai da zawo, jiki na rawa, daga nan sai faɗuwa. Wasu magungunan ɓera suna taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye, haka ma maganin dodon koɗi mai sinadarin metaldehaid. Dalmar tsohon batir ko tsohon fenti tana shiga jiki a hankali, ta riƙa jawo faɗuwa jefi-jefi. Akwai kuma wanda ya fi damuna, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa: mutum ya ɗebi maganin kaska ko allurar aibamektin ta shanu ya yi wa kare da ƙiyasin ido. An haɗa maganin ne don dabba mai nauyin kilo 300. Kare mai kilo 4, ɗan ƙarin da ba ka ɗauka komai ba ya isa ya kayar da shi. Ka tuna baya: ranakun da ta faɗi, an yi feshi? An zuba maganin ɓera a rumbun da take farauta? An yi mata wanka da wani abu?

In babu ko ɗaya, shekarunta za su nuna mana hanya. Idan faɗuwar ta fara tsakanin wata 6 da shekara 6, kuma tsakanin faɗuwa da faɗuwa lafiyarta ƙalau, galibi farfaɗiya ce irin wadda ake gada. In ta girmi haka kafin ta fara, a fi zargin ƙari a ƙwaƙwalwa, ciwon hanta ko na ƙoda. Tsofaffin ƙananan karnuka kuma suna yawan fama da ciwon zuciya, wanda kan sa su suma bayan gudu ko tari, jiki a sake, su farfaɗo nan take. Wannan suma ce, kuma maganinta daban.

Gargaɗi guda da ba zan tsallake ba: karen da ba a yi wa rigakafin hauka ba, in ya sauya hali, yana dalalar da yawu, yana kai cizo ko ya kasa haɗiya, kada kowa ya taɓa shi. A killace shi, a kira likitan dabbobi. Mutumin da karen ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Ciwon hauka yana kashe kare cikin kwanaki kaɗan da bayyanar alamunsa, saboda haka ciwon karyarka da ta yi wata biyu tana warwarewa ba shi ba ne.

Tambaya: Ɗan kwikwiyona bai kai wata uku ba, yana yin sanyi ya kwanta yana karkarwa, musamman da safe.

Amsa: 'Yar'uwa, ƙananan jinsi irin su Chihuahua da Maltese ba su da ajiyar sukari mai yawa a hanta. In suka daɗe ba su ci ba, ko tsutsar ciki ta yi musu yawa, ko sanyi ya kama su, sukarin jininsu yakan faɗi. Ki shafa masa zuma ko ruwan gulukos kaɗan a dasashi, ki ɗumama shi, idan ya dawo hayyacinsa ki ba shi abinci. Kada ki ɗura masa komai yana kwance a sume, zai shaƙe. Ki raba abincinsa sau huɗu ko biyar a rana, a ba shi maganin tsutsa daidai nauyinsa.

In kin lura bayan cin abinci ne abin ke tasowa, ga shi ya tsumbure, yana zagaye ko yana dogara kansa da bango, to a gwada hantarsa. Wasu ana haihuwarsu da jijiyar da ke kewaye hanta, jini ya wuce ba a tace shi ba, guba ta hau kai. Majina a hanci, kwantsa a ido, tari da zazzaɓi kafin faɗuwar kuwa suna nuna cutar distempa, wadda rigakafi ke tarewa: ana farawa daga mako 6 zuwa 8, a maimaita har ya kai mako 16.

Tambaya: Karyata ta haihu mako biyu da suka wuce, yanzu tana haki, ƙafafunta na sandarewa.

Amsa: Shayarwa ta zuƙe mata sinadarin kalsiyam. Ka raba ta da 'ya'yan yanzu, ka kai ta wurin likita a yau ɗin nan. Ta jijiya ake ba da kalsiyam a hankali ana sauraron zuciya, don haka ba aikin gida ba ne. Jinkiri yana kisa.

Tambaya: In abin ya taso, me zan yi? Kuma ana warkewa?

Amsa: Ka janye duk abin da zai buge karen, ka kau da shi daga wuta, ruwa ko tudu, ka rage hayaniya. Kada ka sa hannu ko cokali a bakinsa. Kare ba ya haɗiye harshensa, yatsanka kawai za ka rasa. Ka duba agogo, in da hali ka ɗauki bidiyo da waya, domin da wuya ya faɗi a gaban likita. Yawanci abin kan lafa cikin minti biyu. In ya wuce minti 5, ko ya maimaitu sau biyu cikin awa 24, a garzaya da shi, ana jiƙa masa tafin ƙafa da ciki da ruwa mai ɗan sanyi, saboda zafin jiki na hawa sosai. In kana zargin guba, ka tafi da kwalbar, kuma kada ka tilasta masa amai. Bayan ya tashi zai iya yin ɗimuwa ko ya kasa gani na ɗan lokaci, a hana yara matsa masa.

Farfaɗiyar gado ba a warkar da ita, sai dai a danne ta, kuma karnuka da yawa suna rayuwarsu lafiya a kan magani. Likitoci kan fara shi idan faɗuwa ta kai biyu cikin wata 6. Wanda aka fi bayarwa shi ne fenobabital, duk bayan awa 12. Yakan ɗauki kimanin mako biyu kafin ya daidaita a jini, kuma da farko zai sa barci, ƙishirwa da yawan ci. Ana auna jini lokaci-lokaci don a san yawansa da halin da hanta ke ciki. In bai wadatar ba a ƙara fotasiyam buromaid, wanda ke buƙatar wata biyu zuwa uku kafin ya daidaita a jini, kuma yana son gishirin abinci ya tsaya yadda yake. Likita zai iya ba ka diyazefam, maganin tsayar da faɗuwa, na sawa ta dubura don gaggawa.

Ka ajiye ɗan littafi kana rubuta rana, lokaci, tsawon faɗuwa da abin da ya ci. Da shi likita zai gane ko maganin na aiki. Kada ka ba karen maganin mutane da kanka, kada kuma ka haɗa shi barbara tunda ana gadon ciwon. Ina roƙonka, ko ya yi wata shida bai faɗi ba, kada ka yanke maganin rana ɗaya. Yankewa farat ɗaya tana dawo da farfaɗiya mai tsanani fiye da ta farko. In za a rage, likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin watanni.