Kafin ka kira yaro gwani

Ɗana, na ga saƙonka tun bayan la'asar, na yi dariya na kuma yi shiru. Wai ustaz ɗin makarantarsu a Jidda ya ce maigidana abƙari ne don ya haddace izu biyar yana ɗan shekara 7, kana so ka sa bidiyonsa a TikTok da sunan Gwani, mahaifiyarka ta hana, shi ne kake tambayar kawunka ko camfi ne kawai irin na tsofaffi. Allah ya raya shi, ya tsare shi daga baki.

Kalmar nan abƙari ta Larabawa, wato mai baiwar da ta wuce misali, su da kansu suna cewa daga Abƙar ta fito, wani kwari da suke ɗauka garin aljanu ne, duk abin da ya gagari hannun mutum sai su jingina shi can. Kuma Annabi (SAW) ya faɗe ta a kan Sayyadi Umar, a mafarkin da ya gan shi yana jan ruwa a rijiya. Ka dubi girman wanda aka faɗa wa ita.

Bari dai in ba ka labari. Farkon zamanin shugaban Sudan Nimeri muna halwa, wato tsangayar allo, a Mai Wurno nan Sudan, garin da Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin mutanenmu na yamma ba su daina biyowa da niyyar hajji ba, wani ya yi shekara biyu yana tsinkar auduga a Jazira kafin ya tara kuɗin jirgin ruwa. Wani dare da sanyi muna kewaye da wuta sai ga wani baƙo ya rakuɓe can bayan kolawa, ƙafarsa duk faso, rigarsa ta sha jiki, ba wanda ya ce masa ci kanka, abinci ma saura aka miƙa masa. Wani gardi ya ɗaga allonsa yana biyawa, baƙon ya hango daga inda yake, ya ce a hankali malam wannan kalmar rahmat ɗin a buɗe ake rubuta harafin ta na ƙarshenta ba a ɗaure ba. Gardin ya fusata. Malaminmu ya ɗaga hannu ya ce to bawan Allah wuri nawa ta zo haka? Wallahi ko numfashi bai ja ba ya ce bakwai, Baƙara, A'arafi, Hudu, Maryam, Rum, biyu a Zukhrufi, yana faɗa yana jawo ayar gaba da ta baya. Aka koma ni'imat ya kawo sha ɗaya. Aka yi ta jefa masa har itacen ya cinye aka ƙaro, shi da ruwayar Warshu ya tashi amma ya gaya mana inda ruwayar Duri ta mutanen Sudan ta saɓa. Ashe sau huɗu ya rubuta Alƙur'ani da ka. Malam ya sauka daga buzunsa ya ce ya hau, mutumin ya ƙi, yana ta sunkuyar da kai.

Da safe na ce wa malam wannan ai gwani ne ko? Ya ce alaramma dai, gwani sai gwanaye sun zauna da shi sun tankaɗe sun rairaye, su ne za su faɗa, ba mu ba, ba shi ba. Mu haka muka taso, kolo, titibiri, gardi, a hankali ake hawa, gangaran kuwa, wanda ya ɗara gwani, har na tsufa ban zauna da ko ɗaya ba.

Kakarka Allah ya jiƙanta in aka yabi ɗanta a gabansa sai ta kawar da zancen ta aike shi ɗebo ruwa a kogi, tana cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Baki gaskiya ne, amma ni na fi jin tsoron kunnen yaron. Mun yi da wani mai kaifin kai a halwarmu, kallo ɗaya yake wa allo ya wanke, aka yi ta zuga shi har ya daina tilawa, yau abin ya zube, in na tuna shi raina ɓaci yake. Ku kuma yanzu komai sai a waya, yaro bai gama famfara ba duniya ta gama kallonsa.

Wa ma yake yi masa tilawar baya in ya dawo gida, kai ko uwarsa? Ka turo min muryarsa yana karanta Suratur Rahman, ni kaɗai, nan Gadarif intanet ɗin yana ɗan samuwa bayan isha'i. Ka gaida mahaifiyarka da jiki.