Ajiye kuɗinka, Wildcat ɗinka lafiyarsa ƙalau

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina buga War Thunder, wasan yaƙin jirage, a kwamfuta, har na buɗe F4F-3 Wildcat a layin jiragen Amurka. Amma duk sanda na haɗu da Zero, jirgin yaƙin Japan, kafin in ankara ya zagayo ta bayana ya kakkaɓo ni. Abokina ya ce in sayi Golden Eagles, kuɗin cikin wasan, in ɗauki jirgin kuɗi in huta. In saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka saya tukuna. Ko ka sayi jirgin kuɗin, in da irin wannan tuƙin za ka hau shi, haka za a riƙa kakkaɓo ka, ga kuma asarar kuɗi.

Abin da ke samunka shi ne ya samu matuƙan Amurka a farkon 1942. Kamfanin Mitsubishi ya ƙera A6M2 Zero ba tare da sulken kare matuƙi ba, tankin mansa kuma ba ya toshe kansa in harsashi ya huda shi. Shi ya sa ba shi da nauyi, yana juyi kamar tsattsewa. Wildcat na Grumman kuwa gajere ne kakkaura, sai ka ce ganga aka sa wa fukafukai, amma yana shan duka ya dawo gida. Duk wanda ya shiga gasar zagaye da Zero a cikinsa ya kai kansa mahauta.

Saboda haka da an fara wasa, kada ka ruga tsakiyar fili. Ka ratse gefe ka yi ta hawa sama. In ka hango Zero a ƙasanka, ka sulalo masa da gudu, ka sakar masa wuta na daƙiƙa biyu, ka wuce abinka ba waiwaye. Zero da zarar gudu ya yi yawa sai sitiyarinsa ya yi tauri, ya kasa mirginawa yadda ya saba. Bindigoginka huɗu masu milimita 12.7 kuma in suka sami tankinsa, nan take zai kama da wuta.

Shi kuma abokin naka mai shawarar kashe kuɗi, ka jawo shi ku tashi tare. John Thach, matuƙin jirgin yaƙin Amurka, ya yi amfani da wata dabara a yaƙin Midway da Japan cikin Yunin 1942: jirage biyu na tafiya gefe da gefe, in Zero ya bi bayan ɗaya sai su juyo suna fuskantar juna, mai bin ya faɗa daidai bakin bindigar na biyun. A wasan ma tana ci, in dai kuna jin muryar juna.

Tambaya: F4F-4, samfurin Wildcat da ya biyo baya, yana da bindiga shida, F4F-3 huɗu. Ashe ba na shidan ya fi ba?

Amsa: A takarda dai. An ƙara masa bindigogi biyu da fukafukai masu naɗewa don jirgin ruwa mai ɗaukar jirage ya ɗauki da yawa, sai nauyi ya ƙaru, hawa ya ragu. Harsashin kowace bindiga kuma ya sauko daga 450 zuwa 240. Matuƙa da dama a lokacin ba su so canjin ba, shi kansa Thach yana cikinsu. Ni F4F-3 na fi so. In kai mai danne maɓalli ne har sai bindiga ta yi shiru, na shidan zai bar ka da hannu wofi a tsakiyar faɗa.

Tambaya: Sai na sayi sandar tuƙi kafin in iya wasan?

Amsa: A'a. A salon wasa na Arcade da Realistic, maus ya wadatar, har ya fi saita harbi. Sai in Simulator za ka shiga, inda kake zaune cikin jirgin kana riƙe da komai da kanka, nan ne sandar take da amfani. In ba can ka nufa ba, kuɗin ka zuba su a data, don sabunta wasan kan cinye gigabayit da yawa a zama ɗaya.