Tambaya da amsa: Kan sandar tuƙin keken Baba ya yi sako-sako, mu sa mai sufa gulu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, daga Jega nake rubuto maka. Babanmu ne ke da keken guragu mai caji, yayanmu ya aiko mai tun bayan da ya samu shanyewar ɓarin jiki. To kwanan nan ɗan ƙwallon nan baƙi da ke saman sandar tuƙi ya yi sako-sako, juyawa yake yi a hannunshi, jiya ma fita ya yi gaba ɗaya yana hanyar masallaci. Ƙanena ya ce mu ɗiga mai sufa gulu a huta. Mu sa ko akwai wata dabara?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri.

Don Allah ki ce ma ƙanenki ya dakata, kar a sa sufa gulu. Ruwa-ruwa ne, yana ɗiga zai bi jikin ƙarfen ya gangara ƙasa, kuma a ƙarƙashin robar nan baƙa mai lanƙwasa akwai sifirin da ke maido sandar tsakiya da 'yan na'urorin da ke gane inda aka tura ta. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wannan keken ba shi da birkin takawa ko na matsewa, sakin sandar shi ne birkin, tana komawa tsakiya keken ya tsaya ki ji ƙas daga wajen tayoyi. To idan gulu ya kama ciki ta daina komawa da kanta fa? Baba zai saki keken ya ci gaba da tafiya, ga kwata ga babura. Ko da bai gangara ba ma, ranar da robar ta yage ba za a iya cire kan a canza ta ba sai an fasa, ƙaramin gyara ya koma sayen sabon akwatin tuƙi gaba ɗaya, wato akwatin da sandar ke jiki, mai tsada kuma mai wuyar samu a nan wajenmu.

Kafin komai a kashe keken, a zare caja, in son samu ne Baba ya koma kan kujera ko tabarma. Sai ki riƙe kan ki ja shi sama miƙe, a hankali, ban da lanƙwasawa gefe, ban da banƙara da sukundireba. In ya ƙi fita ki duba gefenshi da fitilar waya, wasu suna da ɗan rami da ƙaramin noti a ciki, sai an sassauta shi tukuna.

Da ya fita ki kama ƙarfen tsirara da yatsu biyu ki tura gaba, baya, dama, hagu kina saki. Idan yana dawowa tsakiya tsaf ba ya rawa, alhamdulillahi matsalar kan ce kawai kuma a gida za ku gama da ita. Idan kuwa shi kanshi ƙarfen ke girgiɗi, ko ya karkace, ko yana dawowa da nauyi kamar yashi ya shiga, nan ku tsaya, kar Baba ya sake hawa sai wanda ya san aikin keken ya duba, kuma ba na son a ba mai gyaran rediyo ko janareto ya buɗe akwatin don gwaji. Ki kuma girgiza akwatin gaba ɗaya, sau da yawa notukan da suka riƙe shi a jikin hannun kujera ne suka kwance, ɗaurewa kawai suke so.

In mai noti ne aikin minti biyu ne. Alanki ƙarami ake nema, ɗan ƙarfen nan lanƙwasasshe mai kusurwa shida na kwance noti, yawanci mai milimita 1.5 ko 2, masu gyaran waya da masu gyaran babur ba sa rasawa, amma a tabbatar ya zauna daram a bakin notin don wasu kekunan Amurka awon inci suke amfani da shi, in aka matsa da wanda bai dace ba bakin ya cinye. A ɗaura daidai ya kama, kar a murɗa da ƙarfi tunda jikin roba yake ci.

Amma yadda kika ce ya fita a hannunshi na fi zaton na turawa ne, wanda matsewar ramin kaɗai ke riƙe shi. Irin wannan zafi da gumi da man shafawa ne ke kashe shi, ramin ya buɗe, ƙarfen ya yi santsi. Ki jiƙa tsumma da sifirit kaɗan, a tsumman za ki zuba ba a kan keken ba, ki goge ƙarfen, ki goge cikin ramin da audugar kunne, ki bari su bushe, wani lokacin wannan kaɗai ya isa. In bai kama ba ki naɗa baƙin salatef na masu wayarin zagaye ɗaya ko biyu a saman ƙarfen ki tura kan ya zauna. Sai dai ki sani na wucin gadi ne, zafinmu na Kebbi daga Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, gam ɗin salatef narkewa yake ya koma yauƙi, sai an riƙa canzawa. Wanda ya fi daɗewa shi ne siririn bututun robar nan da masu lantarki ke sa wa waya, wanda ke tsukewa in ya ji zafi. A yanka gajere a zura a saman ƙarfen, mai gyaran waya ya hura mai iskar injinshi a ƙaramin zafi, a kare robar ƙasa da kwali, ban da ashana ko laita. Kuma kar a danna kan har ya danne robar, a bar ɗan sarari don sandar ta samu sakewa.

Ki haska cikin ramin da kyau, in kin ga tsaga ko siririya ce to kamar ƙotar gatari ce da ta fashe, duk abin da aka cusa ƙara buɗa ta zai yi, sabo za a nema. Ba duka ne awonsu ɗaya ba, mafi yawa ƙarfensu kwatan inci ne wato milimita 6.35, wasu sun fi haka siranta. Ki ɗauki hoton takardar da ke manne a ƙarƙashin akwatin, za ki ga sunan samfurin akwatin, irin VR2 ko VSI na kamfanin PG Drives, ko Shark na kamfanin Dynamic, ki tura ma yayanku ya nemo daidai shi. Na ga masu sa kan giyar mota ko a sassaƙa musu na katako mai nauyi, raina ba ya so ko kaɗan, nauyin na rinjayar sifirin, keken na shiga gargada sandar ta motsa da kanta. Tunda Baba shanyewar ɓarin jiki ce, in riƙon ƙwallon na ba shi wuya akwai masu faɗi da hannu ke kwanciya a kai, ku tambayi likitan gashin ƙashi da ke duba shi wanne ya dace da hannunshi.

Sannan ku lura da abin da ya kwance shi tun farko. Dattawanmu da yawa in za su gyara zama ko su miƙe sandar suke kamawa su ja, wasu su rataya carbi ko ledar goro a kai, ga jikoki da ke ɗaukarta abin wasa da zarar an ajiye keken a zaure. A lallaɓa Baba ya riƙa dafa hannun kujerar, kuma keken ya zama a kashe duk lokacin hawa da sauka.

In kun gama ku kunna ba tare da kowa ya taɓa sandar ba. A akwatin VR2, idan fitilun batir suka riƙa gudu sama da ƙasa, sandar ba ta tsakiya ke nan, in kuma guda 7 suna ƙyaftawa laifin na sandar tuƙi ne. In komai lafiya a rage gudu zuwa mafi ƙanƙanta, ƙanenki ya fara hawa a tsakar gida nesa da rijiya da murhu, ya gwada kowane ɓangare yana saki yana jin ya tsaya, kafin a ba Baba. Robar ƙasan ma ki duba ta tunda kan na hannunki, in ta tsage a haɗa da ita a saƙon yayanku, don ta nan ƙurar hunturu da ruwan damina ke shiga, kuma kar a zuba ma wajen giris ko baƙin mai ko fetur da sunan ya yi laushi.