Cape Coast da Elmina ba tafiyar yini ɗaya ba ce

Hajiya, kin tambaya ko yini ɗaya zai ishe ku ganin Cape Coast da Elmina daga Accra, babban birnin Ghana, har yara su yi wasa a bakin teku. Ba zai isa ba, ku kwana can ko da dare ɗaya ne. Nisan kusan kilomita 150 ne, amma cunkoson motoci a garin Kasoa da ke kan hanya kaɗai yakan cinye safiya. Ganuwar Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, ba wurin leƙawa a wuce ba ne. Idan aka shigar da ku ɗakunan da aka tsare bayi, aka nuna muku 'yar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, jikinku zai yi sanyi, za ku so ku zauna ku huce. Washegari sai ku zaga Cape Coast, wadda ita ce hedikwatar Turawan Ingila a ƙasar har 1877. Masallaci da abincin halal ba wuya, ku nemi zango, wato unguwar Hausawa da sauran Musulmi.

Sharaɗina ɗaya, kuma don Allah ki riƙe shi: kada yara su shiga ruwa ya wuce gwiwa. Na ga yadda igiyar tekun nan take janye yashi daga ƙarƙashin ƙafar babban mutum, balle yaro, kuma wurare da yawa babu masu ceto. Ki tambayi masunta inda ruwan ya fi kwanciya, sun fi kowa sani. Ku kuma kauce wa Mayu da Yuni, lokacin ne damina ta fi ƙarfi.