Finafinan tarihi: ina aka faɗi gaskiya, ina aka yi ƙari?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya wane fim na tarihi ne ya fi burge mu, kuma ko abin da ake nunawa a ciki haka ya faru. Rabin tambayar na biyu zan fi tsayawa a kai, don nan ne mutane suke ruɗewa, har ka ji ana kafa hujja da fim a wajen musu.

Kafin ka auna kowane fim, nemi amsar abu biyu. Shekara nawa ne tsakanin faruwar abin da rubutu na farko da ya ba da labarinsa? Sannan wa ya ba da kuɗin yin fim ɗin? Kusan duk ƙarin da za ka gani, daga ɗayan waɗannan ƙofofi biyu ya shigo.

A wurina babu kamar fim ɗin Umar Mukhtar, jagoran gwagwarmayar mutanen Libiya da Italiya, wato Lion of the Desert, wanda Mustapha Akkad ya ba da umarni, Anthony Quinn ya fito a matsayin Shehun. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne labarin ba na da can ba ne. Akwai hotuna, akwai takardun sojan Italiya, kuma lokacin da aka ɗauki fim ɗin akwai tsofaffin da suka ga abin da idonsu. Italiya ta shiga Libiya a 1911. Wayar nan mai ƙaya da aka nuna gaskiya ce, an ja ta a 1931 a kan iyakar Masar, daga bakin teku har zuwa Jagbub, kimanin kilomita 270, don a toshe hanyar da abinci da harsashi suke shigowa. Sansanonin ma gaskiya ne. An kwashe mutum wajen 100,000 daga yankin Jabal Akhdar da dabbobinsu aka zuba su a wurare irin su Suluƙ da Aƙila, dubun-dubata suka mutu da yunwa da cuta. An kama Shehu Umar ranar 11 ga Satumba 1931, aka yi masa shari'ar soja a Bingazi ranar 15, aka rataye shi a Suluƙ ranar 16, a gaban mutum kusan 20,000 da aka tara dole su kalla. Hatta hafsan Italiyan da aka ba aikin kare shi a kotu, Kyaftin Lontano, mutum ne na gaske, kuma an hukunta shi saboda ya yi kariyar da zuciya ɗaya.

Yana da kyau mai kallo ya gane dalilin sansanonin, domin fim ɗin ya fi nuna zafin abin a kan hikimar yaƙin. Mayaƙan Shehu ƙananan runduna ne, kowace tana jingine da ƙabilarta. Mutanen da suka nuna wa Italiya sun miƙa wuya da rana, su ne da dare suke ba da hatsi da zakka da labarin motsin abokan gaba, kuma idan mayaƙi ya faɗi ɗan'uwansa ya maye gurbinsa. Da Italiyawa suka gane ba za su iya raba mayaƙi da makiyayi ba, sai suka kwashe jama'ar ɗungurungum. Sansani ya yanke taimakon cikin gida, waya ta yanke na waje, faɗuwar Kufra a Janairun 1931 ta yanke na kudu. Da haka aka ci yaƙin.

To ina aka taɓa? Fim ya nuna Mussolini, shugaban Italiya, ya naɗa Janar Graziani gwamnan Libiya a 1929. Gwamna a lokacin Badoglio ne, shi Graziani mataimakin gwamna ne mai riƙe da yankin Barƙa na gabashin Libiya, kuma a 1930 ya kama aiki. An haɗe nauyin mutum biyu a kan ɗaya don mai kallo ya samu bos guda da zai tsana, alhali umarnin kwashe jama'a daga Badoglio ya fito. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne yadda aka dusashe ɗariƙar Sanusiyya. Umar Mukhtar shehin zawiya ne na Sanusiyya, ya yi zama a Cadi a hidimar ɗariƙar lokacin da take fafatawa da Faransa, kuma ya yi yaƙinsa ne a matsayin wakilin Sayyid Idris wanda yake gudun hijira a Masar. Wannan Idris shi ne ya zama Sarkin Libiya, shi ne kuma Gaddafi ya hamɓarar a 1969, gwamnatin Gaddafi kuwa ita ta biya kuɗin fim ɗin. Ka ga dalili. Sai ka gama kallo kana ganin Shehu kamar malamin allo ne da ya tashi shi kaɗai da almajiransa, ba ka ga tsarin zawiyoyin da ya riƙe yaƙin shekara 20 ba. Wani abin lura kuma, ganawar Shehu da Graziani ta faru, amma mafi yawan abin da aka sani na maganarsu daga littafin Graziani kansa ya fito, don haka kalmomin da kake ji a fim gyaran marubuci ne. Italiya ta hana nuna fim ɗin a 1982, sai a 2009 aka haska shi a talabijin a can.

Yanzu ɗauki wannan ma'auni ka ɗora a kan Ertugrul, wanda ya shiga kusan kowane gida, musamman da aka fassara shi da Hausa. Gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya, TRT, ya nuna shi daga 2014 zuwa 2019, zango 5, kashi 150 masu tsawon kusan awa biyu kowanne. Abin da tarihi ya tabbatar game da mutumin kuwa bai cika shafi ɗaya ba. Akwai tsabar kuɗi mai ɗauke da sunan Usman ɗan Ertugrul, wanda ya kafa daular Usmaniyya, akwai kabarinsa a garin Sogut, ana kuma ƙiyasta ya rasu wajen 1280. Littattafan Usmaniyya da suka ba da labarinsa an rubuta su ne a ƙarni na 15, fiye da shekara 100 bayan rasuwarsa, kuma sun saɓa ko a sunan mahaifinsa: wasu sun ce Sulaiman Shah, wasu sun ce Gunduz Alp. Danganta gidan da ƙabilar Kayi ma a wancan ƙarnin ya bayyana a rubuce, masana na jayayya a kai har yau. Kamar a ba mai tuwo gari cikin cokali ne a ce ta ciyar da gidan biki, dole ta nemo sauran daga wani wuri.

Inda aka nemo shi ne tarihin Saljuƙawa, wanda yake a rubuce sosai. Sultan Ala'uddin Kaikubad na gaske ne, ya rasu a 1237. Sa'aduddin Kopek, babban bafaden Saljuƙawa, na gaske ne, kuma makirci ne aikinsa kamar yadda aka nuna, amma Sultan Giyasuddin ne ya sa aka kashe shi, babu Ertugrul a labarin. Baiju Noyan, kwamandan Mongol, shi ya karya rundunar Saljuƙawa a Kose Dag a 1243. Ibnu Arabi ya zauna a Anatoliya, daga baya ya tare a Dimashƙa inda ya rasu a 1240, amma babu wata hujja da ta nuna ya taɓa haɗuwa da Ertugrul. Bamsi, abokin Ertugrul a shirin, daga tatsuniyoyin Turkawa na Dede Korkut aka ɗauko shi. Salon ke nan, a ɗauki abin da ya faru da gaske a cusa jarumi a tsakiyarsa. Ina son shirin don tarbiyyar da ke ciki, amma raina yana ɓaci idan na ji matashi yana ba da labarin Halima Sultan da Titus a matsayin tarihin Musulunci.

Kingdom of Heaven na Ridley Scott, wanda ya fito a 2005 a kan yaƙin Salahuddin da 'yan Salibiyya a Ƙudus, matsalarsa daban ce. Majiya ba ta yi ƙaranci ba, domin marubutan Salahuddin kamar Imaduddin da Ibnu Shaddad sun rubuta, Turawa ma sun rubuta nasu. Da gangan aka sauya. Balian, jarumin fim ɗin, a gaskiya ba maƙeri ba ne daga Faransa, basarake ne haifaffen ƙasar, mijin Maria Komnene, matar marigayi Sarki Amalric. Babu soyayya tsakaninsa da Sibila, 'yar'uwar Sarki Baldwin na Ƙudus, ita ta manne wa mijinta Sarki Guy har ƙarshe. Balian ya halarci yaƙin Hiɗɗin ranar 4 ga Yuli 1187 ya tsira, fim kuwa ya cire shi daga wurin. Sarki Baldwin kuturu ne da gaske, amma abin rufe fuskar azurfa ƙari ne. Fitowar da mutane suka fi zaton ƙirƙira ce, ita ce ta gaskiya: bayan an kama su a Hiɗɗin, Salahuddin ya ba Guy ruwa mai ƙanƙara, Guy ya miƙa wa Reynald, wani basaraken Salibiyya, Salahuddin ya nuna ba shi ya ba shi ba, saboda a al'adar Larabawa wanda ka shayar ya shiga amanarka, sannan ya sare Reynald da hannunsa.

Wurin da ya kamata mu yi adalci shi ne miƙa Ƙudus ranar 2 ga Oktoba 1187. Fim ya nuna kowa ya fita kyauta. A gaskiya fansa aka yanka, namiji dinari 10, mace 5, yaro 2 ko 1 gwargwadon ruwaya, aka ba da kwana 40 a biya. Balian ya biya dinari 30,000 a madadin talakawa 7,000. Salahuddin da ƙaninsa Al-Adil sun saki mutane da yawa don Allah, duk da haka dubbai da suka kasa biya an bautar da su. Faɗin wannan bai rage darajar Salahuddin ba, in ka tuna kisan kiyashin da 'yan Salibiyya suka yi a garin a 1099. Amma wanda ya tafi musu da sigar fim, duk wanda ya karanta Ibnul Asir zai kayar da shi cikin minti ɗaya.

Ar-Risala na 1976, shi ma na Akkad, ya bi sira da taka-tsantsan. An ɗauke shi sau biyu, da Larabci da Turanci, da 'yan wasa daban. Tunda ba a nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a kuma nuna halifofi huɗu ba, sai nauyin jagoranci ya koma kan Sayyidina Hamza fiye da yadda yake a littattafai. An tsallake yaƙin Handaƙ gaba ɗaya. Takobin Zulfiƙari da ake leƙo da bakinsa a madadin Sayyidina Ali, a ruwaya cikin ganimar Badar aka same shi, don haka bai kamata a gan shi tun farkon gumurzun ba.

Na gida kuma, ina ba ka shawarar Sarraounia na Med Hondo, 1986, wanda aka gina a kan littafin Abdoulaye Mamani, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Ta'asar ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a Nijar a 1899 ba a ƙara mata gishiri ba, mutanen Birnin Ƙonni shaida ne. Harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da su, a Dankori ranar 14 ga Yuli, da yadda sojojinsu suka juya suka kashe Voulet da Chanoine kwanaki kaɗan bayan haka, duk a rubuce suke. Faɗan Lugu, garin Sarauniyar, shi ne aka faɗaɗa. Takardun Faransa sun ba Sarauniya 'yan layuka kaɗan, garin ya faɗa hannunsu, ita da mutanenta suka janye cikin kurmi. Sauran daga bakin mutanen yankin Arewa na Nijar da alƙalamin marubuci ya zo.

Labarin Amina ta Zazzau, wanda aka saki fim ɗinsa a Netflix a 2021, ya fi kama da na Ertugrul. Littafin Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, ya ce ta yi shekara 34 tana cin garuruwa, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu ruwayoyin sun kawo ta ƙarni na 16 a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Sultan Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisur, ya ce a Atagara ta rasu. Duk wata soyayya ko hirar fada da ka gani a fim, marubuci ne ya saƙa. Abin da za a iya kama mai shirya fim da shi a nan shi ne kaya, domin wannan sananne ne. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Kanajeji aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma duk wanda ya ga hawan Sallah ya san shigar barde. Ga kuma harshe, an sa 'yan fadar Zazzau suna magana da Turanci, gaisuwar sarauta da kirari da amsar dogarai duk sun salwanta.

In kana son ka riƙa tantancewa da kanka, yi haka. Bayan ka gama kallo, rubuta sunaye biyar da manyan abubuwa uku da suka faru. Nemi shekarar haihuwa da ta rasuwar kowane mutum ka jera su, nan take za ka ga waɗanda ba su yi zamani ɗaya ba. Duba wa ya kashe wa, domin nan aka fi yin sauyi, ana so jarumi ya gama da bos da hannunsa. Duk maganar da aka yi a ɗaki tsakanin mutum biyu, ɗauke ta ƙirƙira ce sai in an samu wanda ya ruwaito ta. Tsaya ka karanta rubutun farkon fim da na ƙarshe, a nan ake bayyana masu ba da kuɗi, a nan kuma ake faɗin ko tarihi aka bi ko an ɗan tsakuro ne daga gare shi. Idan fassarar Hausa kake kallo, ƙara lura, domin mai fassara yakan sa barkwanci ko wa'azin da babu shi a asali, wani lokaci ya sauya sunan gari ko muƙami don ya yi sauƙin faɗa. In magana ta ba ka mamaki, koma wurin a kwafin asali mai rubutun fassara a ƙasa ka gwada su kafin ka yaɗa ta.