Amsoshin Tambayoyinku: Ayarin Sarauniya Amina Zai Iya Sauka a Kumasi?

TAMBAYA: Ni da abokaina a Aboabo muna wasan labari na kan tebur, inda mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani, a jefa ɗan ludo don a ga wanda ya yi nasara. Bayan mun kalli fim ɗin Sarauniya Amina da ya fito a Netflix a 2021, ina son in tsara wasan da ayarinta zai zo Kumasi sayen goro. Zan iya dogara da fim ɗin?
Daga wani mai karatu a Kumasi

AMSA: Malam, mai fim labari yake sayarwa cikin awa biyu, saboda haka ka ɗauki armashi daga gare shi, amma lokaci da wuri ka nemo su a wani wajen. Ko masana ba su daidaita kan zamanin Amina ba. Littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, tsakanin 1421 da 1438, ya ce ta shekara 34 tana yaƙi, Sarkin Nupe kuma ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Labaran Zazzau kuwa sun ce 'yar Bakwa Turunku ce, wato ƙarni na 16.

Duk wanda ka zaɓa, ayarinka ba zai tarar da Kumasi ba, domin sai a ƙarshen ƙarni na 17 aka kafa ta, daular Asante kuma ta miƙe ne bayan sarkinta Osei Tutu ya ci masarautar Denkyira da yaƙi a Feyiase a 1701. A zamanin Amina, babbar kasuwar wannan yanki ita ce Begho, a yankin Bono na Ghana ta yau, kuma Wangarawa, fatake daga ƙasar Mali, ne ke riƙe da cinikinta. Idan ƙarni na 15 ka zaɓa, kada a ga masara, barkono ko taba a zangonka, domin daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492.

A ganina gara ka raba biyun. In Amina kake so, ka bar ta a Zazzau da ganuwarta, kuma kada ka ba wani ɗan wasa matsayinta, tunda ɗan ludo zai iya kashe ta a zaman farko, labari ya watse. Ta zama sarauniyar da ake jin amonta daga nesa. Zancen cewa takan ɗauki namiji a kowane gari ta kashe shi da safe labarin baka ne, sai ka sa shi a bakin fatake suna hira da dare, 'yan wasa su yarda ko su ƙi.

In kuwa hanyar goro ce ta burge ka, ƙarni na 19 ya fi wadata. Ayari na tasowa daga Kano da kanwa, fatu da tufafi, ya yi watanni kafin ya sauka a Salaga, babbar kasuwar goro a arewacin Ghana ta yau, kuma ga matsayi a shirye: madugu, jagaba, uban dawaki, malamin ayari. Ga kuɗin fito da sarakunan hanya ke karɓa, ga 'yan fashi, ga goron da ke lalacewa in ba a yayyafa masa ruwa ana sake masa ganye ba. Kada ka ɓoye cewa har bayi ake sayarwa a kasuwar Salaga. Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya karye, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete Krachi da wasu garuruwa. Ka dasa wasanka a tsakanin waɗannan shekaru, 'yan wasa su yanke shawarar inda za su kai jarinsu.

Kujerar Zinariya, wadda Asante ke ɗauka da tsarki, dai kada ta zama ganima a teburinka, domin neman zama a kanta da Gwamnan Ingila Hodgson ya yi ne ya tayar da yaƙin da sarauniya Yaa Asantewaa ta jagoranta a 1900, kuma jikokin waɗanda suka yi shi maƙwabtanka ne.