Shin Charlie Chaplin bebe ne, ko da gangan ya ƙi magana?

Tambaya: Tun ina yaro nake kallon finafinan Charlie Chaplin, amma ban taɓa jin ya furta ko kalma ɗaya ba. Shin bebe ne, ko akwai wani dalili?

Amsa: Chaplin ba bebe ba ne, hasali ma da waƙa da rawa ya fara hawa dandamali tun yana ƙaramin yaro. An haife shi a Landan ranar 16 ga Afrilu, 1889, kuma iyayensa duka biyu mawaƙa ne a gidajen wasa. Ya tashi cikin matsanancin talauci, domin mahaifinsa ya bar gida, mahaifiyarsa Hannah kuma ta samu taɓin hankali, har ta kai yana ɗan shekara 7 aka kai shi gidan da hukuma ke tsugunar da matalauta. Shi da kansa ya ce a wurin wannan baiwar Allah ya koyi kwaikwayo, don takan zauna bakin taga tana kwaikwayon tafiya da yanayin duk wanda ya gifta.

Da kamfanin Keystone ya ɗauke shi aiki a Amurka a kan dala 150 a mako, ya fara fitowa a 1914, lokacin da fim ba ya ɗauke da murya. Akan nuna 'yan kalmomi a rubuce tsakanin fitowa da fitowa, mai kiɗan fiyano kuma yana zaune a sinima yana raka hoton. Saboda haka dole ɗan wasa ya isar da saƙo da ido da kafaɗa da takun ƙafa, kuma a nan ne Chaplin ya yi wa tsararrakinsa fintinkau. A shekarar ce ya ƙirƙiro ɗan gararambar nan mai guntun gashin baki da burgujejen wando da manyan takalma da sandar gora, talaka tilis amma mai ɗaukar kansa da mutunci kamar wani attajiri. Zuwa 1916 kamfanin Mutual yana biyansa dala 670,000 a shekara.

Abin da ya fi burge ni shi ne matsayin da ya ɗauka bayan 1927, da finafinai masu magana suka mamaye kasuwa, taurari da yawa suka dusashe. Chaplin ya turje, domin yana ganin da zarar ɗan gararamba ya buɗe baki ya yi Turanci, ya zama na masu jin Turanci kaɗai, alhali a shirunsa kowa yana fahimtarsa, kamar yadda kai ma ka fahimce shi ba tare da tafinta ba. Ya samu damar turjewar ne saboda da kuɗinsa yake shirya finafinansa, kuma yana cikin mutum huɗu da suka kafa kamfanin United Artists a 1919. Haka ya fitar da fim a 1931, da wani a 1936, ba tare da ya yi zance a ciki ba, sai dai a na biyun ya rera waƙa da wani harshen da ya ƙaga, wanda babu shi a duniya.

Sai a 1940 ya yi magana sosai, a fim ɗin da ya yi wa Hitler ba'a, inda ya rufe da doguwar huɗuba kan zalunci da 'yancin ɗan Adam. Idan kana son jin muryarsa, nemi wannan fim ɗin. Ya rasu a ƙasar Suwizalan ranar 25 ga Disamba, 1977, yana da shekara 88.